Wasiyyi da Nauyin Bashin Mamaci: Misalin Abdullahi Ɗan Zubairu

Kalmar wasiyyi, wadda Hausa ta aro daga Larabci tare da wasiyya, tana nufin mutumin da mamaci ya damƙa wa biyan bashinsa da zartar da abin da ya yi umarni da shi kafin a raba gado. Wannan maƙala za ta dubi yadda Abdullahi ɗan Zubairu ya ɗauki wannan nauyi, kamar yadda Buhari ya ruwaito.

A ranar Yaƙin Raƙumi, shekarar 656 Miladiyya, Zubairu ɗan Awwam ya kira ɗansa ya shaida masa cewa babu abin da ke damunsa kamar bashi. Asalin bashin kuwa ajiya ce. Idan mutum ya kawo masa kuɗi, sai ya ce a mayar da su rance, domin ajiya in ta ɓata ba tare da sakaci ba babu ramuwa, rance kuwa dole a biya. Da aka lissafa bayan rasuwarsa, sai aka sami dirhami 2,200,000, alhali bai bar tsabar kuɗi ba, sai filaye da gidaje: 11 a Madina, 2 a Basra, ɗaya a Kufa, ɗaya a Masar.

Abdullahi ya sayar da filin Gaba, wanda mahaifinsa ya saya a kan 170,000, a kan 1,600,000. Abdullahi ɗan Ja'afaru, mai bin 400,000, ya nemi ya yafe, amma ya ƙi yarda, ya yanka masa wani yanki na filin.

A ganinmu, wahalar aikin ta fi fitowa bayan an gama biya. Magada suka nemi a raba musu haƙƙinsu, shi kuwa ya rantse ba zai raba ba sai ya yi shela a lokacin aikin Hajji shekara huɗu a jere, ko akwai sauran mai bin bashi. 'Yan'uwansa ne ya sa jira, saboda mutanen da bai ma san ko suna nan ba. Bayan shekarun sun cika ya fitar da sulusin wasiyya, sannan kowace daga cikin matan Zubairu huɗu ta sami 1,200,000. Jimillar dukiyar da ruwayar ta ambata, wato 50,200,000, ba ta dace da wannan rabo ba. Idan aka bi lissafin tumuni da sulusi da bashi, abin ya kai 59,800,000.