Makau na cikin Shaihu Umar: mai gaskiya a tsakanin fadawa

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Cikin littattafan da gasar ta haifar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da wani ɗan siririn littafi mai suna Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934. Marubucinsa matashin malamin makaranta ne a Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko, aka kashe shi a watan Janairun 1966.

Yawancin masu karatu Umar suke tunawa: yaron da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, ya yi karatu a ƙasar Larabawa, ya dawo ya zauna a Rauta yana koyar da almajirai. Ni kuwa mutumin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Makau, mijin mahaifiyarsa.

Makau bafade ne a Kagara, mutum mai riƙon amana, sarki kuma ya yarda da shi. Wannan yarda ita ce ta zama laifinsa a wurin abokan zamansa. Da aka dawo daga wani hari, sai fadawa suka haɗa baki suka kai shi ƙara cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Ba baƙi ba ne suka yi masa wannan ƙulli. Mutane ne da suke gaisawa kullum a ƙofar fada, suka hau dawaki tare, suka san gidansa da iyalinsa. Ya faɗi gaskiyarsa, amma bakin mutum ɗaya bai rinjayi na taro ba, aka kore shi daga garin. Daga wannan korar ce iyalin suka tarwatse, yaro ya ɓata, uwa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta.

Mukan ce hassada ga mai rabo taki ce. Tafawa Ɓalewa bai lallashe mu da wannan ba. Ya nuna ƙazafin maƙwabta yana cin wanda aka yi wa, ya kuma ci matarsa da yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan nauyi. A kan me Makau ya yi gaskiya? A kan lissafin 'yan Adam da aka kamo daga ƙauyukan Gwari. Ya riƙe amanar sarkinsa, amma waɗanda aka ɗaure da igiya su ma maƙwabta ne, adalcinsa kuwa bai kai gare su ba. Marubucin bai yi wa'azi a kan haka ba. Ya dai bar bautar ta zagayo ta shiga gidan Makau kansa, mai hankali ya gane.

Mutumin Magariya ko Dungas a Nijar ba zai karanta wannan labari kamar na wata duniya ba. Ƙasarmu tana tsakanin Kano da Damagaram, a kan hanyar ayarin da ke ratsa Sahara zuwa Tarabulus, kuma a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, bayi suna cikin hajar da ake bi da ita ta nan. Faransawa sun shiga Zindar a 1899, iyakar da suka ja da Ingila ta raba mu da Daura da Ɓaɓura a takarda, makarantunsu kuma Faransanci zalla suke koyarwa. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zindar. Shi ya sa yaron Daura ya haɗu da Makau a aji, ɗan'uwansa na Magariya kuwa sai in littafin ya tsallako iyaka a jakar wani.

An fassara littafin zuwa Turancin Ingilishi a 1967, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. A Nijar, sai a 2003 aka yi dokar da ta tanadi hukunci a kan bautar da mutum, wato maganar ba ta yi nisa da mu ba.

Ina roƙon malaman makarantunmu na Magariya da Dungas su nemo wannan littafi su karanta wa ɗalibai. In an zo wurin korar Makau, a dakata a tambaye su abu biyu: wa ya kamata ya tsaya masa a fada, kuma wa ya kamata shi ya tsaya wa?