Tarihin Haruffan "gh" a Kalmomin Turanci Masu Haruffa Biyar

A Turanci akwai wani rukunin kalmomi masu haruffa biyar-biyar da suka ƙare da ight. Night na nufin dare, light haske, sight gani, fight faɗa, might ƙarfi ko iko, tight kuma abin da ya matse. Right tana ɗauke da ma'ana uku: hannun dama, abin da yake daidai, da kuma haƙƙi. Eight ita ce takwas, bight kuwa wurin da gaɓar teku ta lanƙwashe, kamar Bight of Benin da ake gani a taswira kudu da Legas. A dukkansu ana rubuta g da h, amma ba a furta ko ɗaya. Ɗalibin da ya saba da rubutun boko na Hausa, inda kusan kowane harafi ke da aikinsa a baki, yakan ɗauka kuskure ne aka gada. Alhali haruffan nan biyu sawu ne na wani sauti da Turawan Ingila suka daɗe suna furtawa kafin ya ɓace.

Asalin kalmomin yana komawa ga ƙabilun Angul da Sakson, waɗanda suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmak zuwa Birtaniya a ƙarni na 5. A tsohon Turanci dare niht ne, haske leoht, daidai riht, ƙarfi miht, takwas kuma eahta. Harafin h da ke tsakiya ana furta shi da gogar iska a ganɗa, kusa da harafin خ da masu karatun Alƙur'ani suka sani. Jamusanci, wanda ɗan'uwan Turanci ne, bai yar da sautin ba har yau: dare Nacht ne, haske Licht, haƙƙi Recht, ƙarfi Macht, takwas acht.

Rubutun ya fara sauyawa bayan shekarar 1066, lokacin da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a. Masu kwafar littattafai na ƙarnonin da suka biyo baya sukan rubuta sautin da wani harafi mai suna yogh, wanda ya yi kama da lambar 3. Wasu kuma, da suka saba da rubutun Faransanci da Latin, suka fi son haɗa g da h. A zamanin mawaƙi Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, mutanen Landan suna furta sautin a cikin night da light yadda aka rubuta shi.

Maɗaba'a ce ta raba gardama. William Caxton ya kafa ta farko a Ingila a Westminster a 1476, bayan ya koyi sana'ar a nahiyar Turai. Haruffan dalma da ake amfani da su an tsara su ne don harsunan da ba su san yogh ba, saboda haka gh ta samu gindin zama. A daidai lokacin da takarda ke tsayar da rubutu wuri guda, bakin mutane bai tsaya ba. Sautin ganɗar ya yi ta raunana har ya faɗi, wasalin da ke gabansa ya ƙara tsawo ya cike gurbinsa. Sai kuma babban sauyin wasula da ya ratsa Turanci tsakanin ƙarni na 15 da na 17 ya mayar da dogon i ya koma ai. Ta haka niht ta zama abin da kunne ke ji kamar nait. A Sikotland an riƙe tsohon furucin, inda masu karin harshen Scots ke cewa nicht da licht.

A wani rukunin mai haruffa biyar sautin bai mutu ba, rikiɗa ya yi ya zama f. Haka aka samu laugh, wato dariya, cough tari, rough mai kaushi, da tough mai tauri. A dough, wato kwaɓaɓɓen gari, da bough, reshen bishiya, ya yi shiru ɗungum. Akwai ma inda gh ta shiga ba da gado ba. Delight, wato jin daɗi, daga Faransanci delit ta fito, aka cusa mata gh a ƙarni na 16 don ta yi kama da light. Ghost, wato fatalwa, ana danganta h ɗinta da tasirin rubutun harshen Filemish a maɗaba'ar Caxton.

Ƙamusai suka ƙarasa aikin. Na Samuel Johnson na 1755 ya tabbatar da rubutun da ya tarar. A Amurka Noah Webster, mai ƙamus na 1828, ya sauƙaƙa kalmomi da dama, amma night da 'yan'uwanta suka tsira yadda suke. A 1906 wata hukumar sauƙaƙa rubutu da attajiri Andrew Carnegie ya ɗauki nauyinta ta fitar da kalmomi 300, shugaba Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta bi su, majalisa ta ƙi, ya janye umarnin a wannan shekarar. Nite da lite da ake gani a yau an fi samun su a allunan talla da kwalayen kaya.

Tsohon rubutun yana da amfanin da ya taimaka masa ya ɗore. Right, write da rite furucinsu ɗaya, amma ido na bambance daidai da rubutawa da kuma ibadar al'ada. Haka sight da site, wato gani da fili. Malaman Turanci kuma sukan koyar da kalmomin ight a rukuni guda: wanda ya riƙe night ya riƙe sauran, in ban da eight, wadda wasalinta ya bi tasa hanyar.