Kyamarar HD a Ƙasar Gumel: Abin da Ba a Rubuta a Jikin Kwali Ba

Wanda ya halarci ɗaurin aure a Ɗanzomo ko saukar Alƙur'ani a Sule Tankarkar a 'yan shekarun nan ya ga saurayin nan mai kyamara, yana kutsawa tsakanin manyan riguna yana neman fuskar ango. Sana'a ce mai ci da mutum. Shi ya sa wani zai haɗa kuɗin riɗin da ya noma, ko ya kai ragonsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya nufi Kano don sayo kyamarar da aka rubuta wa HD a jiki. Hujjar wannan nazari guda ce: kyan hoton HD ba a cikin kyamara kaɗai yake ba, yana rataye ne da kayan da ke biye da ita, kuma a yankinmu waɗannan kayan su ne masu tsada da wuyar samu.

Mu fara da ma'anar kalmar. Cikakken hoton HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Hoton faifan DVD da muka saba da shi 720 ne sau 576, don haka HD ya ninka shi sau biyar. Tsarin ya shigo ƙananan kyamarori a 2003, lokacin da Sony da JVC da Canon da Sharp suka amince da HDV mai ɗauka a kaset, sannan a 2006 Sony da Panasonic suka fito da AVCHD, wanda daga bisani ya zauna a kan katin memori. Kafin nan, da kaset ɗin VHS aka kafa harkar fim ɗin Hausa, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Mutane sun kalla sun ji daɗi, domin na'urar ɗauka da ta kallo sun dace da juna.

Rashin wannan dacewar shi ne matsalar farko a yau. Ina bidiyon biki ke ƙarewa? A wayar amarya da ƙawayenta, ta Xender ko ta WhatsApp, ko a shagon mai tura finafinai. WhatsApp yana matse bidiyo kafin ya aika, ko zaɓinsa na HD da ya shigo a 2023 bai kai cikakken abin da kyamara ta ɗauka ba. In kuma uwar amarya ta ce faifai take so, DVD na yau da kullum ba ya ɗaukar fiye da gigabait 4.7, kuma na'urar kallonsa ba ta nuna HD. Ke nan mai kyamara ya biya kuɗin ɗigo miliyan 2, mai biki ya karɓi kaɗan daga ciki.

Sai nauyin abin da aka ɗauka, kuma nan ne lissafi ke kuɓuce wa yawancin masu saye. Kyamarar AVCHD da ke aiki a megabit 24 cikin daƙiƙa tana cinye kusan gigabait 11 a awa guda. Katin gigabait 32 bai cika awa uku ba. A haɗa kamu da ɗaurin aure da wuni da kai amarya, awa shida ba ta yi yawa ba, ga gigabait 65 daga biki ɗaya. Wannan yana bukatar kati mai sauri, da ma'ajiya ta daban, da kwamfutar da za ta iya tace shi. Na taɓa zama kusa da wani matashi a Gumel yana ƙoƙarin tace bikin da ya ɗauka a tsohuwar kwamfutar cinya. Hoton yana tafiya yana tsayawa, murya ta yi gaba baki ya biyo baya, fankar kwamfutar tana ta huci. Yana dab da gamawa aka ɗauke wuta, batir ɗin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa. Ya sake daga farko, dangin ango kuma suna ta kira. Kyamararsa ba ta da laifin komai. Abin da ta haifa ne ya fi ƙarfin kayan aikinsa.

Wuta kuwa ba sai an faɗa ba. A ƙauyukan Gagarawa da na bakin iyaka, caji na wurin mai sola ne ko mai janareta, kuma tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace awa ta janareta kuɗi ce. Batir ɗin da ke zuwa da ƙaramar kyamara da wuya ya kai ƙarshen taro, dole a sayi na biyu da na uku.

Yanayin ƙasarmu ma bai yi wa waɗannan na'urori sauƙi ba. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa a yi aiki da kyamara tsakanin digiri 0 da 40. A Afrilu da Mayu zafin Gumel kan haura haka a inuwa, balle a filin idi ko bakin kara. Zafi yana tsufar da batir. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta gefen gilashin zuƙowa da ramin kati, kuma HD ba ya rufa asiri: ɗigon ƙurar da VHS zai haɗiye, shi fito da shi yake yi a fuskar amarya. In ta lalace, mai gyara sai Kano, tafiyar kimanin kilomita 120 daga Gumel, kuma ba lallai a samu kayan gyaran ba.

Akwai aibi biyu da mai shago ba ya ambata. Na farko, ƙananan kyamarori irin Sony CX405 idonsu na ciki, mai karɓar haske, ɗan mitsitsi ne. Da rana hoto tar, amma bikinmu da yawa bayan magariba yake, a tsakar gida ƙarƙashin ƙwan fitila ɗaya, a nan hoton kan cika da yashi-yashi har wayar zamani mai kyau ta fi kyamarar. Na biyu ya shafi kyamarar hannu da aka shigo da ita daga Amurka. Wutar can tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, don haka a ƙarƙashin wasu fitilu hoton yakan riƙa ƙyaftawa, sai fa in kyamarar tana da wurin saita saurin ɗauka kuma mai ita ya iya. Ga kuma marasa suna da ake manna wa 4K alhali hoton kumbura shi kawai aka yi, da katunan jabu da ke nuna gigabait 64 su cinye rabin biki.

Ban ce kyamarar ba ta da amfani ba. A hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Gumel, inda dawakai ke sukuwa kuma ba a barin kowa ya matso, gilashin da ke zuƙowa ninki 30 yana kawo fuskar mahayi da adon sirdinsa yadda waya ba za ta iya ba. Haka wajen wa'azi ko taron awa uku, inda waya kan yi zafi ko kira ya katse ta. Mai irin wannan aiki yana da dalilin saye, da sharaɗin ya duba ko akwai ramin makirufo, domin na jikinta iska da hayaniya yake kwasa, kuma mutanenmu sun fi haƙuri da dishi-dishin hoto a kan muryar malam da ba ta fita.

A ganina, wanda ya riga ya yanke shawara ya tafi kasuwa da katinsa da kwamfutar da zai yi aiki da ita. Ya ɗauki minti goma a lungun shago mafi duhu, ya zuƙo har ƙarshe, ya juye a kwamfutar a gaban mai kaya, ya tura wa wata waya ta WhatsApp, ya kalla a can. Sannan ya tambayi kuɗin batir na biyu kafin a fara ciniki.