Shekara 21 Illustrator Yana Da Shafi Ɗaya Tak: Tarihin Allon Zane (Zare)

1/ Kun san Adobe Illustrator ya yi shekara 21 a kasuwa, daga 1987 zuwa 2008, ba ya iya riƙe shafi biyu a fayil ɗaya? Ni ma ban sani ba sai da wata bana ta cinye min kuɗin abincin sati biyu. Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Bari in fara da abin kunyar. Zangon karatun da ya wuce aka ba ni aikin zanen makon ɗalibai na sashenmu: fosta, bana, katin gayyata, satifiket, katin ratayawa na 'yan kwamiti, sai hoton da za a ɗora a WhatsApp. Abu shida. Ni kuma da ƙaramin sanina na je na buɗe fayil shida.

3/ Saura kwana uku aka ɗaga ranar taron. Na bi na gyara kwanan wata a guda biyar, na manta ɗaya. Ku canki wadda na manta. Banar, wadda ta fi duka tsada. Sai da aka rataye ta a bakin zaure wata 'yar aji ɗaya ta nuna mana da yatsa. Daga aljihuna aka sake bugawa.

4/ Da na kai wa wani yayanmu da ya daɗe a harkar kuka, sai da ya gama dariyarsa tsaf ya ce: "Haba ƙanena, me ya hana ka jera su a allo shida cikin fayil guda? Da idonka zai faɗa kan kuskuren." Ya nuna min, ko minti biyar ba a yi ba. Haushin wannan ne ya sa na shiga tonon tarihin abin.

5/ Ga wanda bai sani ba: allon zane, wanda 'yan harka ke kira atbod, shi ne farin filin nan da kake zane a kansa. Abin da ke cikinsa shi zai fita idan ka buga ko ka fitar da hoto. Abin da ka ajiye a gefensa yana nan a fayil ɗin, amma ba zai fito ba.

6/ Sunan ya girmi kwamfuta. A da mai zanen talla allo na gaske yake ɗauka, kwali mai kauri. Ya yanko rubutun da aka buga masa da aska, ya manna da kakin zuma ko gam, ya ja layin jagora da shuɗin fensir wanda kyamarar maɗaba'a ba ta ɗauka. Sai a ɗauki hoton allon a yi farantin bugu da shi.

7/ Kuma ku lura, mutumin nan teburinsa yana da faɗi. In aiki uku gare shi, allo uku zai jera yana kallonsu gaba ɗaya. Wato abin da muke ɗauka sabon abu ne, kwamfuta ce ta ƙwace shi daga hannun masu zane, sannan ta dawo musu da shi a makare.

8/ Kafin mu shiga rigimar kamfanoni, kalma biyu kan zanen bekta. Hoton wayarka ɗigo-ɗigo ne, in ka ja shi da yawa sai ya farfashe. A bekta kwamfuta lissafin layin take ajiyewa: ina ya fara, ina ya ƙare, yaya ya lanƙwasa. Ko ka mayar da shi girman allon tallan gefen titi, tas zai fito.

9/ Lissafin lanƙwasar nan daga masana'antar mota ya fito a Faransa. Paul de Casteljau ya yi aikinsa a kamfanin Citroën a 1959, Pierre Bézier kuma a Renault a shekarun 1960. Jikin mota suke son zanawa. Sunan Bézier ne ya bi abin, don shi ya wallafa nasa, na Citroën kuwa an daɗe ana ɓoyonsa.

10/ A 1982 John Warnock da Charles Geschke suka bar Xerox suka kafa Adobe a Amurka. Hajarsu ta farko PostScript ce, yaren da kwamfuta ke yi wa firinta bayanin shafi da shi. A 1985 Apple suka sa shi a firintarsu LaserWriter, a shekarar kuma kamfanin Aldus ya fitar da PageMaker na tsara shafuka.

11/ Sai 1987 Illustrator ya fito a kan Macintosh. Har da kaset ɗin bidiyo a cikin kwalin, Warnock da kansa yana nuna yadda ake jan layi, don mutane ba su taɓa ganin irin alƙalamin ba. Mu da muke koyo a YouTube kyauta sai mu gode wa Allah.

12/ To me ya sa shafi ɗaya? Saboda yadda aka raba aikin tun farko. Illustrator zai yi zane guda, tambari ko taswira. Ka fitar da shi a matsayin EPS, ka kai shi PageMaker ko QuarkXPress ka dasa a shafi. Shi kuma EPS a ƙa'idarsa ba ya wuce shafi ɗaya. Hoto ne da ake sakawa a cikin wani abu.

13/ Wannan uzurin ya karɓu a 1987. Amma abokan hamayya sun nuna ba dole ba ne a tsaya a nan. A 1988 FreeHand ya fito. Kamfanin Altsys na Texas ne ya ƙera shi, Aldus ke sayarwa. Tun a shekarun 1990 yana ba ka shafuka da yawa a fili ɗaya, kowanne da girmansa, ka jera su yadda ka ga dama.

14/ Katin kasuwanci, takardar wasiƙa, ambulan, duka a gabanka a lokaci guda. Abin da yayan nan ya nuna min a matsayin dabara, masu FreeHand sun riga sun saba da shi tun ba a haife ni ba.

15/ Ga kuma CorelDRAW daga Ottawa ta Kanada, ya fito 1989, ya samu shafuka da yawa a fitowa ta 4 a 1993. Wannan kam ba sai na gabatar muku da shi ba. Shiga shagon buga katin biki ko kalanda a Kano ko Kaduna ka ce Illustrator ka kawo, za ka ji an ce "ba ka da na Corel?"

16/ Ra'ayina ne wannan, ba tarihi ba: ina ganin shafukan nan suna cikin abin da ya zaunar da Corel a shagunanmu. Mai shago da kwamfuta ɗaya, zai yi kati gaba da baya, ya yi ɗan littafin taro, ya yi rasit. Manhaja ɗaya yake so ta gama masa, ba a ce ya zana a nan ya tsara a can ba.

17/ Yanzu ga inda labarin ya yi daɗi. A 1994 Adobe suka haɗe da Aldus. Ka ga ke nan Illustrator da FreeHand za su koma gida ɗaya. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ce ba za ta saɓu ba. Aka mayar da FreeHand hannun Altsys, aka kuma gindaya wa Adobe sharaɗi na shekara 10 kan sayen irin wannan manhaja.

18/ A 1995 Macromedia suka sayi Altsys, FreeHand ya koma wajensu. Fitowarsa ta ƙarshe ita ce FreeHand MX a 2003. Ku riƙe lissafin shekara 10 ɗin nan a ranku.

19/ 2005: Adobe suka sayi Macromedia gaba ɗaya a kan kusan dala biliyan 3.4. Gaskiya Flash da Dreamweaver aka fi magana a kansu a cinikin. Amma FreeHand yana cikin kayan. Abin da aka hana su a 1994 ya shigo hannunsu bayan wa'adin ya cika.

20/ 2007: suka sanar ba za su ci gaba da bunƙasa FreeHand ba, kowa ya koma Illustrator.
2008: Illustrator CS4 ya fito a watan Oktoba, da allon zane har 100 a fayil ɗaya.
Ni dai jera muku shekarun na yi 😅

21/ Don adalci, ba za a ce ba su taɓa motsawa ba kafin nan. Illustrator 9 na shekarar 2000 ya koma ajiye fayil a tsarin PDF, wanda dama yana ɗaukar shafuka da yawa. CS3 na 2007 kuma ya bari ka shata wuraren yanka da dama a zane ɗaya. Amma daga 2000 zuwa 2008 fa shekara takwas ne, kuma uzurin EPS ya riga ya faɗi.

22/ Kafin CS4 dabaru mutane ke yi. Wasu su buɗe ƙaton allo ɗaya su yanyanka shi gida-gida a wajen bugawa. Wasu su sa kowane shafi a leya ɗinsa, suna kunna wannan suna kashe wancan. Wasu kuma fayil shida, irina. Bambancin kawai su ba su da zaɓi, ni jahilci ne.

23/ Masu FreeHand ba su haƙura da sauƙi ba. Sun kafa ƙungiya mai suna Free FreeHand, a 2011 suka maka Adobe a kotu a Kalifoniya kan zargin danne gasa. An sasanta a 2012, manhajar dai ba ta dawo ba. Ka yi tunanin aikinka na shekara goma sha yana cikin fayilolin da manhajar da ta haife su ta mutu.

24/ Wannan ɓangaren ya fi taɓa ni fiye da duk sauran. Mu da muke tara aikinmu a manhajar da ake biya wata-wata da dala, ko a wadda sai da intanet take buɗewa, matsalarmu ɗaya da su, lokacinmu ne bai zo ba. Tun da na karanta labarin nan nake ajiye kwafin PDF da SVG na duk aikin da na gama.

25/ Mu koma kan allon. CS5 na 2010 ya kawo jerin alluna da za ka raɗa wa kowanne suna, da umarnin manna abu ɗaya a kan dukkansu a lokaci guda. A 2017 aka ɗaga iyakar daga 100 zuwa 1000. Wanda ya taɓa cika 1000 don Allah ya faɗa mana wace irin kwamfuta gare shi.

26/ Abin da ya mayar da allon dole shi ne waya. iPhone ya fito 2007. Daga 2010 da allon Retina ya zo, alama ɗaya sai an fitar da ita a girma biyu, daga 2014 a girma uku, ga wayoyin Android kala-kala. Manhajar waya ɗaya kuma fuskoki gare ta barkatai, mai zane yana son ganinsu a jere.

27/ Sababbin shiga suka gina komai a kan wannan. Sketch ya fito 2010, Figma ya buɗe wa kowa a 2016. Photoshop bai samu allunansa ba sai 2015. Inkscape, na kyauta, wanda da yawanmu muka fara da shi, sai a fitowa ta 1.2 a 2022 ya samu shafuka da yawa, don tsarin SVG da yake amfani da shi ba a gina shi da shafuka ba.

28/ Akwai bambancin da ke rikita masu tsallakawa daga wannan zuwa wancan. A Figma firam uwa ce, abin da ka sa a ciki ɗanta ne, ina ta je yana biye. A Illustrator zanen ba na allon ba ne, zaune kawai yake a kansa. Leya ɗaya tana ratsa duk allunan.

29/ Shi ya sa za ka ja allo ka ga ya tafi ya bar zanen a baya, ko dai don ba ka kunna zaɓin tafiya da zane ba, ko don ka kulle wani abu. Alamar tarihi ce: an ɗora allunan ne a kan ginin da aka yi don shafi ɗaya.

30/ Wani tabon kuma: fayil ɗaya, tsarin launi ɗaya. Ko CMYK na bugawa, ko RGB na fuskar waya. Ba za ka ce allon bana ya zama wannan, na WhatsApp ya zama wancan ba. Don haka shawarar yayan namu ma da gyara: fayil biyu ya kamata in yi, na maɗaba'a da na waya.

31/ Kuma jera alluna ba ya gyara rubutu da kansa. In ka canza kwanan wata a allo na 1, na allo na 4 yana nan yadda yake. Sai in ka mayar da shi simbol, wato abu ɗaya da ake kiransa a wurare da yawa, ka gyara uwar duk 'ya'yan su canza. Da na san wannan da kuɗina suna aljihuna.

32/ Af, na kusa mantawa. A Satumbar 2022 Adobe suka sanar za su sayi Figma a kan dala biliyan 20. Hukumomin gasa na Tarayyar Turai da Birtaniya suka sa ido, a Disambar 2023 aka fasa cinikin, Adobe suka biya Figma dala biliyan 1 kuɗin fasawa. Wanda ya karanta lamba 17 zuwa 20 ya san abin da masu Figma ke tsoro.

33/ Masu son gwadawa a Illustrator: danna Shift da O, ka ja sabon allo a gefen na farko, ka raɗa masa suna tun a lokacin, don sunan ne zai bi hoton idan ka fitar. An sake ba ni aikin makon ɗalibai na bana, sun ce wai na yi hankali. Har yanzu ba su tsayar da ranar ba.