Karatun Lahadi da Tarihin Ikilisiyar Katolika a Birnin Katsina

Abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tarihin ɗarikar Katolika a Katsina ba a ginin majami'a za a neme shi ba, sai a cikin harshen da ake karanta wa jama'a Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi. To amma kafin mu kai nan, ya kamata mu ɗan waiwaya baya.

A shekarar 1710 wasu limamai biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, Carlo Maria mutumin Janowa da Severino mutumin Silesiya, suka taso daga Tarabulus, suna neman wasu Kiristoci da aka ba su labari wai suna zaune wajen ƙasar Kwararrafa. Suka bi ta Fazzan da Agadas, suka iso Katsina a 1711, inda ciwo ya kama su, suka rasu. Ba su bar almajiri ko ɗaya ba. Saboda haka kuskure ne a ce daga nan ikilisiyar ta soma, ko da yake wasu na sha'awar faɗin haka.

Ainihin mafarin ya zo ne zamanin Turawa, kuma ba ta hannun masu wa'azi ba. Tun 1903 Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, aka kuwa taƙaita wa mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi. Waɗanda suka kawo ɗarikar su ne akawuna da masu sana'a da 'yan kasuwa daga Kudu. Da yake jirgin ƙasa Funtuwa da Gusau ya bi, bai zo birnin Katsina ba, can aka fi samun taronsu. A 1953 Fafaroma ya yanke yankin Sakkwato, har da lardin Katsina, ya damƙa wa limaman Dominikan na Amurka, a ƙarƙashin Edward Lawton, wanda ya zama bishop a 1964. Sunan babbar majami'ar Katsina ma shaida ne: Martin de Porres ɗan Dominikan ne daga Lima ta ƙasar Peru, mahaifiyarsa kuwa baƙar fata ce da aka 'yanta.

Kafin babban taron Batikan na biyu (1962–1965), da Latin ake karatun Mas. Karatu biyu ne, wasiƙar manzanni da Bishara, su ake maimaitawa kowace shekara, Tsohon Alkawari kuwa da wuya a ji shi ranar Lahadi. Mutumin Katsina ba zai yi mamakin wannan ba, don ya saba da mai jan baƙi yana karanta aya da Larabci, malami yana fassarawa. Bambancin shi ne, a nan mai fassarar sau da yawa baƙo ne, masu sauraro ma baƙi ne.

Abubuwa biyu suka sauya wannan hali kusan a lokaci guda. Na farko, a 1963 taron ya yarda a yi sujada da harshen jama'a, sa'an nan a 1969 aka fitar da sabon tsarin karatu na shekara uku: shekara ɗaya Matiyu, ɗaya Markus, ɗaya Luka, ana sa Yahaya a tsakani, kuma galibi ana farawa da Tsohon Alkawari da Zabura. Na biyu, rikicin 1966 ya kori Ibo daga Arewa, majami'u suka kusa zama kango. Dole limamai suka ƙara mai da hankali ga Maguzawan kudancin Katsina, wajen Malumfashi, inda aka kafa makarantar horar da katikis. A ganina katikis ɗin nan shi ne ba a ba shi haƙƙinsa ba a rubuce-rubucen tarihi. Fada yakan zagayo ƙauye jefi-jefi, amma katikis ne ke tsayawa kowace Lahadi ya karanta, ya yi bayani da Hausar da manomi ke ji. Littafin da ya dogara da shi kuwa asalinsa ba aikin Katolika ba ne. Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa ne suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, sai a ƙarshen shekarun 1970 aka sami sabuwar fassara mai ɗauke da ƙarin littattafan da Katolika ke karantawa.

Shigowar Tsohon Alkawari da Hausa ta jawo wani abu da ba a cika lura da shi ba. Sunayen da ake ji a majami'a, wato Ibrahim da Musa da Dawuda da Yunusa, su ne sunayen maƙwabta a unguwa, kalmomin kuma, Allah da Ubangiji da annabi da mala'ika, duk na gida ne. Wannan ya kusanta, ya kuma fito da saɓani fili. Alal misali, a Lahadi ta biyu ta azumin kwana arba'in, a shekarar Markus, ana karanta Farawa sura 22, inda aka umarci Ibrahim ya yanka ɗansa Ishaku. Mai wa'azi a Roma zai wuce wannan suna ba tare da tunani ba. Mai wa'azi a Katsina kuwa ya san rabin dangin masu sauraronsa suna layya kowace shekara da tunawa da Isma'ila, kuma yaran da ke gabansa za su sha tambaya a makaranta. Tilas ya zaɓi abin da zai jaddada, ko sunan ɗan, ko biyayyar uban.

Ranar 16 ga Oktoba 2023 Fafaroma Francis ya ɓalle Katsina daga Sakkwato ta zama dayosis mai zaman kanta, aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko. Haifaffen Malumfashi ne na 1971, wato shekara biyu bayan fitowar sabon tsarin karatun, kuma Hausar da ake karatun da ita harshen gidansu ce.