Littattafan Maƙtal da Zaman Makokin Karbala a Wurin 'Yan Shi'a

Maƙtal, wato ruwayar yadda aka kashe wani babban mutum, fanni ne da malaman tarihi na farko suka yi rubutu a cikinsa game da Usman da Ali, Allah Ya ƙara musu yarda. Sai dai kisan Husaini a Karbala, ranar 10 ga Muharram shekara ta 61 bayan Hijira, shi ne ya mamaye fannin.

Mafi daɗewar abin da ya iso gare mu shi ne na Abu Mikhnaf, mutumin Kufa, wanda ya rasu a shekara ta 157. Asalin littafinsa ya ɓace; Ɗabari ne ya adana mafi yawansa ta hanyar Hisham al-Kalbi. Ruwaya ce mai isnadi, an tsara ta domin masu neman tarihi. Al-Khwarizmi ma, malamin mazhabar Hanafiyya, ya wallafa maƙtal, domin fannin bai keɓanta ga Shi'a ba.

Lamarin ya soma canzawa bayan Mu'izzud Daula ya umarci a yi makoki a fili a Bagadaza a shekara ta 352. Taron jama'a yana bukatar nassin da za a karanta da murya, ya taɓa zukata. Al-Luhuf na Ibn Ɗawus, wanda ya rasu a 664, gajere ne, babu dogayen isnadai, an shirya shi ne domin mai ziyara ya riƙe a tafiyarsa. Daga baya Husaini Wa'iz Kashifi ya rubuta Raudatush Shuhada da Farisanci a farkon ƙarni na goma, daidai lokacin da daular Safawiyya ta mayar da Shi'anci mazhabar hukuma a Iran. Littafin ya yi tasiri har zaman makokin kansa ya ɗauki sunan rauda.

A nan ne matsalar take. Gwargwadon yadda nassi ya koma abin sa kuka, sai tantance ruwaya ta yi rauni, labarai irin na ɗaurin auren Ƙasim ɗan Hasan a filin daga suka samu shiga, alhali babu su a tsofaffin ruwayoyi. Malaman Shi'a da kansu sun yi inkari: Mirza Husaini Nuri ya soki masu karanta ƙarya a kan mumbari cikin Lu'lu' wa Marjan, Murtala Mutahhari kuma ya biyo bayansa a laccocinsa kan jirkita tarihin Ashura.