Gadar Barton: Mai Juyawa da Ruwa a Cikinta

A ƙarni na 19, masaƙun Manchesta da ke Ingila sun dogara ne da tashar jiragen ruwa ta Libaful wajen shigo da auduga. Kuɗin tasha da na jirgin ƙasa ya yi wa 'yan kasuwa yawa, sai suka yanke shawarar haƙa hanyar ruwa tasu, domin jiragen teku su zo har gida. An fara haƙa a 1887, aka buɗe ta a ranar 1 ga Janairu, 1894. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 58.

Da aikin ya zo Barton, sai aka gamu da cikas. Tun 1761 akwai gadar dutse da James Brindley ya gina, wadda ke tsallakar da tsohuwar hanyar ruwa ta Bridgewater bisa kogin Irwell. Babban jirgi ba zai iya ratsawa ƙarƙashinta ba, kuma ba dama a tsayar da kwalekwalen da ke bin ta. Injiniya Edward Leader Williams ya kawo mafita: a rushe ta, a yi kwarkwaron ƙarfe mai juyawa, da ruwansa a ciki.

To, yaya abu mai nauyin tan 1,450 zai juya ba tare da ya rinjaya ba? Mu tuna ɗan garuwa. Idan sandarsa ta zauna daidai tsakiya a kafaɗa, kuma garwa biyun cike suke, tafiya yake hankali kwance. Haka aka ɗora gadar a kan wani tsibiri da aka gina a tsakiyar hanyar, hannun hagu na riƙe na dama. Gadojin da hannu ɗaya ya fi tsawo kuwa, akan ƙara wa gajeren nauyi har su daidaita.

Amma tsinin ƙarfe guda ba zai ɗauki wannan kaya ba. Saboda haka gadar tana zaune ne a kan tayoyin ƙarfe 64 da aka jera a da'ira. Kowace taya ta fi kauri ta waje, domin gefen waje ya fi na ciki nisan tafiya. Da kaurin ɗaya ne, da sai ta riƙa gogar ƙarfen ƙarƙashinta. An kuma sa injin matsin ruwa a tsakiya, wanda a da yake rage wa tayoyin nauyi lokacin juyawa.

Sai batun ruwan kansa, tan 800. Kafin a juya, ana rufe ƙofofi a bakin kwarkwaron da kuma bakin hanyar, kowane ɓangare ya riƙe nasa. Da yake ruwa shimfiɗuwa yake daidai, nauyinsa na rabuwa daidai a hannu biyu. Ko kwalekwale ya shiga, nauyin bai ƙaru ba, don ya riga ya ture ruwa daidai nauyinsa ya koma cikin hanya kafin a rufe ƙofa.

Manyan jirage sun ragu a wannan hanya, an rufe tashoshin Salford a 1982. Gadar Barton kuwa tana nan, idan jirgi ya taho sai ta juya ta ba shi hanya.